Koyar da Yara Karatun Bishara a Shekarar Ikilisiya

Koyar da yara karatun Bishara a shekarar ikilisiya tsari ne da Kiristoci ke bi wajen karantar da ƙanana littattafan Bishara huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, daki-daki bisa kalandar ibada. A ƙasar Hausa ana yin wannan aiki galibi a makarantar Lahadi, wadda jama'a ke kira Sande Sukul, da ajin masu shirin baftisma, da kuma cikin gida. Ginshiƙin tsarin maimaitawa ne. Kowace shekara yaro zai bi rayuwar Yesu Almasihu tun daga haihuwa har ƙarshe, kamar yadda Kiristoci suka gaskata, shekara ta zagayo ya sake bi yana da ƙarin wayo.

Asali

Karanta wani yanki na Nassi a taron ibada al'ada ce da Kiristocin farko suka gada daga majami'un Yahudawa. Sannu a hankali aka keɓe wa kowane idi karatunsa. Makarantar Lahadi kuwa ta zo daga baya sosai. Ana danganta yaɗuwarta da Robert Raikes, wani ɗan jarida a garin Gulosta ta Ingila, wanda a 1780 ya fara tara 'ya'yan talakawa masu aikin ƙwadago yana sa a koya musu karatu ran Lahadi, da yake ita ce kaɗai ranar hutunsu. Littafi Mai Tsarki shi ne littafin karatun. Mishan-mishan da suka shigo Afirka ta Yamma da wannan salo suka zo.

Jadawalin karatu da aka fi sani a yau ya samo asali ne daga babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. A 1969 Cocin Katolika ta fito da sabon jadawali mai zagayen shekara uku. A 1973 ta fitar da ƙa'idojin sujadar yara, waɗanda suka ba da damar a fita da ƙanana wani wuri daban a karanta musu Maganar Allah gwargwadon fahimtarsu, sannan a dawo da su cikin manya. A 1992 wasu ɗariƙun Furotesta suka fitar da nasu jadawalin haɗin gwiwa, wanda aka ɗora a kan na Katolika.

Shekarar ikilisiya

Shekarar ba ta farawa a Janairu. Tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, da lokacin jiran zuwan Almasihu. A makonnin nan yara kan ji labarin Yahaya Maibaftisma da na saƙon mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu. Ran 25 ga Disamba sai Kirsimeti, da labarin komin dabbobi da makiyaya, ran 6 ga Janairu ko Lahadin da ke kusa da ita kuma a tuna zuwan masana daga gabas.

Azumin kwana 40 yana farawa ran Larabar Toka. A Lahadinsa ta farko ana karanta labarin gwajin da Shaiɗan ya yi wa Yesu a jeji. Makon ƙarshe shi ne Mako Mai Tsarki, wanda ke buɗewa da Lahadin dabino, ya bi ta Jumma'ar da ake tuna gicciyewa, ya kai ga Ista. Ranar Ista tana motsi, domin da wata ake lissafa ta: ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta. Saboda haka ba ta riga 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Kwana 40 bayan Ista ake tuna hawan Yesu sama, a rana ta 50 kuma a yi Fentikos. Sauran makonni 33 ko 34 na shekara su ne na koyarwa, inda ake bin misalai da mu'ujizai.

Kowane lokaci da launinsa a rigar limami da kyallen bagade: shunayya don jira da azumi, fari don Kirsimeti da Ista, ja don Fentikos da ranakun shan wuya, kore don sauran makonni. Yaron da bai iya karatu ba yana gane lokacin da ake ciki da zarar ya shiga majami'a ya ɗaga ido.

Zagayen shekara uku

Ana kiran shekarun A da B da C. A ta farko ana bin Matiyu, a ta biyu Markus, a ta uku Luka. Yahaya ba shi da shekara tasa, amma ana karanta shi a azumi da lokacin Ista, ana kuma cike gurbi da surarsa ta 6 a shekarar B, da yake Markus gajere ne, sura 16 kacal. Lissafin mai sauƙi ne: duk shekarar da ta rabu uku ba saura, ta C ce. Shekarar 2025 ta C ce, 2026 ta A, 2027 ta B.

Wannan yana nufin yaron da ya shiga aji yana ɗan shekara shida ya fita yana ɗan sha biyu ya zagaya jadawalin sau biyu. Wasu karatun kuma ba sa canza gurbi: Lahadi ta biyu ta Ista kullum labarin shakkar Toma ne, ta huɗu kuma Makiyayi Mai Kyau daga Yahaya sura 10. Labaran da yara suka fi riƙewa, irin su Basamariye mai tausayi da ɓataccen ɗa da Zakka a kan bishiya, duk a Luka suke, don haka a shekarar C suke zuwa.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Bishara ta riga mishan isowa cikin harshen Hausa. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Dorugu, saurayin nan Bahaushe da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Sabon Alkawari ya cika a 1880. A 1900 Bishop Herbert Tugwell da tawagarsa suka isa Kano, amma Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikinsu, Dakta Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta, a 1929 kuma mishan ɗin ya koma Wusasa. A can aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da tubalin ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Yaran Wusasa na cikin rukunin farko da suka tashi da jin Bishara da Littafin Addu'a cikin Hausa. Janar Yakubu Gowon a can ya girma, mahaifinsa ma'aikacin bishara ne na CMS.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma a 1979. Har yanzu ana samun duka biyun a hannun jama'a, shi ya sa a aji guda wani yaro zai ce Matta da Yohanna bisa tsohon bugu na gidansu, wani ya ce Matiyu da Yahaya.

Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Ƙungiyar mishan ta SIM ta samu ƙofa ta hanyar aikin jinya, musamman asibitocin kutare da ta karɓa a 1937, irin su Yadakunya kusa da Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Daga aikinta cocin ECWA ta fito a 1954. A Nijar kuma SIM ta zauna a Damagaram da Tsibiri da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika ta samu dayosis a Kano a 1999, a Maraɗi a 2001, a Katsina a 2023, inda aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, bishop na farko.

Hanyoyi biyu

Ba dukan ɗariƙu ne ke bin jadawali ɗaya ba. Katolika da Angalika da Lutaran suna bin kalandar ibada mako-mako, Cocin Angalika ta Nijeriya ma takan buga jadawalin karatunta kowace shekara. A wajensu darasin yara shi ne abin da iyaye suka ji a sujada, sai dai an sauƙaƙa shi. ECWA da Baftis da makamantansu kuwa suna amfani da littafin darussan makarantar Lahadi da hedikwatarsu ke shiryawa bisa jigo ko bisa littafi, amma su ma sukan tsaya a kan labarin haihuwa a Disamba, da na gicciye da tashi a lokacin Ista. Amfanin hanya ta farko shi ne gida duka kan koma da magana ɗaya. Ta biyu kuwa tana ba malami damar bin labari tiryan-tiryan ba tsallake.

Yadda darasi ke gudana

A ƙauye ajin kan zauna da sassafe kafin sujadar manya, ko a lokacinta, a ƙarƙashin bishiya ko a wata rumfa kusa da majami'a. Malaman masu sa kai ne: matasa, da matan Zumunta, da katikis ko mai bishara inda babu fasto ko fada. Ana buɗewa da addu'a da waƙa mai amshi da tafi. Malami ya karanta ayoyin, ya rufe littafi ya ba da labarin da bakinsa, yana tambaya yara na amsawa. Daga nan sai ayar haddacewa: ya faɗa, su maimaita gaɓa-gaɓa, su ambaci littafi da sura da aya a ƙarshe, mako mai zuwa kowa ya kawo hadda. Ana rufewa da baiko da addu'a.

Dogaro da kunne da hadda ya dace da wurin da littafi bai wadata ba, ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar da makarantar allo ta daɗe da kafuwa. A manyan idi ana ƙarawa da wasan kwaikwayo. A Kirsimeti yara kan ɗaura zani da rawani su fito a matsayin makiyaya da masana, a Lahadin dabino kuma su shiga gaban jerin gwano da ganye a hannu. Ƙungiyoyin Birged na maza da na mata, da ƙungiyar yara 'yan mishan ta Katolika wadda aka kafa a Faransa a 1843, suna shirya gasar hadda da kacici-kacici.

Kudancin Kano da yankin noman rani

Madobi da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasa ce ta Musulmi mafi rinjaye. Kiristocin jihar Kano kashi biyu ne: mazauna birni, musamman Sabon Gari, waɗanda da yawansu da Turanci ko wasu harsuna suke sujada, da kuma Hausawa manoma, akasari zuriyar Maguzawa, a ƙauyukan kudu irin na Rogo da Tudun Wada da Sumaila da Rano. A wurin waɗannan Hausa ce harshen uwa da na ibada, kuma domin irinsu Angalika ta kafa dayosis na Bari.

A wannan yanki kalandar ikilisiya tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta noma. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noma shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Kirsimeti na faɗowa a tsakiyar hunturu, alkama na tsaye kore a fadama. Azumi da Ista na zuwa da zafin bazara, lokacin yankanta. Fentikos na zuwa da ruwan shuka, tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. A shekarar A misalin mai shuka da na alkama da muguwar ciyawa, daga Matiyu sura 13, a watan Yuli ake karanta su, daidai lokacin da ake noman firi da maimai. Yaron da ya ga tsuntsaye na tsince iri a bakin hanya, ya kuma san ɓarnar ƙuduji a gonar dawa, ba ya bukatar dogon bayani. Karatun ƙarshen shekara a kan hukunci, irin su rarrabe tumaki da awaki a Matiyu sura 25, na zuwa a Nuwamba, lokacin kaka, sa'ad da majami'u ke yin sujadar godiya da dammunan hatsi. Inda malami ke shan aiki shi ne abubuwan da ba a saba gani ba a nan, kamar kurangar inabi da zaitun da matsewar ruwan inabi.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce ƙarancin kayan koyarwa da Hausa. Yawancin hotuna da littattafan yara da Turanci ake buga su, a Nijar kuma da Faransanci, sai malami ya fassara da ka. Na biyu, malaman ba su da albashi, kuma matasa kan tafi cin rani ko makaranta a tsakiyar shekara, aji ya watse. Na uku, yara kan yi fashi a lokutan da aikin gona da kiwo suka tsananta. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta sha kokawa cewa makarantun gwamnati da yawa a jihohin arewa ba su da malaman addinin Kirista, abin da ya ƙara wa majami'a da iyaye nauyi. Rashin tsaro a sassan Katsina da Zamfara da Kaduna kuma ya tarwatsa wasu ƙauyuka tare da majami'unsu.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo sauƙi, domin ana samun Littafi Mai Tsarki na Hausa a rubuce da kuma a murya, har wanda bai iya boko ba yana iya kunna wa 'ya'yansa karatun mako. Duk da haka, a yawancin majami'un karkara na ƙasar Hausa, malami mai sa kai da littafi guda da ayar haddacewa su ne har yanzu ke riƙe da wannan koyarwa.