Na'urar sarrafa birkin tirela mai aiki da lantarki: yadda ake zaɓenta da ɗaura ta a motar a-kori-kura

Motar a-kori-kura da ta ɗaura ƙaramar tirela mai nauyin tan biyu a bayanta tana iya tashi da ita ba tare da wahala ba. Matsalar tana wajen tsayawa. Birkin motar an ƙera shi ne daidai da nauyinta da na kayan da take ɗauka, don haka idan tirelar ba ta taka nata birkin ba, sai ta riƙa tura motar daga baya, nisan tsayawa ya ƙaru, a kan gangare kuma birki ya yi zafi har ya daina kamawa.

A Amurka da Kanada da Ostareliya, inda jan tirelar dawaki ko ta gidan tafi-da-gidanka ya zama ruwan dare, yawancin irin waɗannan tireloli birkin lantarki ne da su. Dokar tarayyar Amurka ta wajabta birki a kan tirelar kasuwanci da nauyinta ya wuce kimanin kilo 1,360, kowace jiha kuma tana da nata ƙa'idar ga motocin gida. A Ostareliya iyakar kilo 750 ce. Ƙasashen Turai sun fi amfani da birkin da ke kama kansa idan tirela ta matso mota daga baya, kuma wannan ba ya buƙatar wata na'ura a cikin mota. Manyan tirelolin da aka saba gani a hanyoyin Najeriya su kuma birkin iska suke amfani da shi, wanda tsarinsa daban ne. Wanda bayanin nan ya fi shafa shi ne mai motar da aka shigo da ita daga Amurka, irin su Ford F-150 ko Toyota Tundra, ko wanda ya sayi tirela mai birkin lantarki.

A cikin gangar birkin kowace taya akwai maganaɗisun lantarki da ke maƙale a jikin wani hannun ƙarfe. Da wuta ta shige shi sai ya manne da fuskar gangar da ke juyawa, juyawar ta ja hannun, hannun ya buɗe layinin birki su matse gangar. Gwargwadon wutar da ta shiga, gwargwadon ƙarfin kamun. Aikin na'urar da ke gaban direba shi ne ta auna wutar da za ta tura, daga sifili zuwa volt 12. In babu ita, birkin tirelar yana nan amma ba zai motsa ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko mai aiki da lokaci ne: da an taka birki sai ya fara tura wuta, ya riƙa ƙara ta cikin 'yan daƙiƙoƙi har ta kai iyakar da direba ya saita. Bai san bambancin taka birki a hankali da takawar gaggawa ba, shi ya sa a cunkoson gari tirela kan yi ta fizgar mota. Yana da araha, kuma ana iya ɗaura shi a kowane kwance. Na biyu yana da ma'aunin da ke jin yadda gudun mota ke raguwa, sai ya kama birkin tirela daidai da haka. Tekonsha Prodigy P3 na cikin sanannun wannan iri, haka ma Redarc Tow-Pro na Ostareliya, wanda ake ɓoye jikinsa a bar ɗan maɓalli kawai a gaban direba. Akwai kuma Curt Echo da ake cusawa a soket ɗin bayan mota, a saita shi daga wayar hannu. Ga mai jan kaya masu nauyi a kai a kai, ko mai ɗaukar dabbobi, iri na biyu ya cancanci ƙarin kuɗinsa, domin dabbar da ke tsaye a tirela ita ke shan wahalar kowace fizga.

Kafin a saya, a fara duba motar. Tun 2005 kamfanin Ford ya fara sanya wannan na'ura daga masana'anta a manyan motocinsa na Super Duty, sauran kamfanoni suka bi baya, saboda haka wata motar tana da ita. Wata kuma ba ta da na'urar amma an riga an ja mata wayoyi, an bar bakinsu a ƙarƙashin sitiyari. A nan igiyar haɗi da ta dace da samfurin motar kawai za a saya a jona. Sai a ƙirga tayoyin tirela masu birki, domin kowane maganaɗisu yana jan kimanin amfiya 3, kuma kowace na'ura tana da adadin da za ta iya ɗauka. Idan birkin tirelar na mai ne da famfon lantarki ke turawa, dole a tabbatar na'urar tana da tsarin da ya dace da shi.

Inda ba a ja wayoyi ba, aikin na waya huɗu ne, kuma launukansu kusan ɗaya ne a wajen yawancin masu ƙerawa. Baƙa tana zuwa kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta cikin bireka mai mayar da kanta, ta amfiya 20 ga birki biyu zuwa huɗu, ta amfiya 30 idan sun fi haka. Ana son bireka a maimakon fis saboda fis in ya ƙone a kan hanya, birkin tirela ya tafi ke nan har sai an tsaya an canza. Fara tana zuwa kan batir mai alamar ɗebewa kai tsaye. Masu wayarin da yawa sukan ɗaure ta a kowane ƙarfe da ke kusa don rage aiki, kuma daga nan ne matsalar ɗaukewar birki jefi-jefi takan samo asali. Shuɗiya ita ce mai kai wuta baya, zuwa soket mai baki bakwai da tirela ke jonawa. Soket mai baki huɗu fitilu kawai yake ɗauka. Baƙa da shuɗiya su kasance masu kauri, lamba 12 a ma'aunin Amurka, ko lamba 10 idan birkin da yawa.

Ja ce mai buƙatar natsuwa. Ana jona ta a makunnin fitilar birki da ke saman feda, a wayar da ba ta da wuta sai an taka birki. Fitilar gwaji ko mita za ta nuna wacce ce. A sababbin motoci masu kwamfuta, wannan makunni yana haɗe da wasu sassa, kuma yanka wayar da ba ita ba na iya tayar da fitilun gargaɗi, don haka a bi littafin motar. A cire kan batir kafin a fara, kuma a kula ƙwarai kada a juya baƙa da fara, domin hakan na ƙona na'urar nan take.

Wurin ɗaurawa shi ne inda hannun direba zai kai ba tare da ya sunkuya ba, nesa da jakar iska da kuma gwiwa. Mai auna gudu yana son a daidaita shi da tsayin mota, fuskarsa na kallon direba, kada ya karkace gefe, kuma a ɗaure shi da kusoshi sosai. Na'urar da ke rawa a wurinta za ta ɗauki girgizar hanya a matsayin birki.

Saiti ake yi a ƙarshe, da tirelar a ɗaure da kayanta. A nemi shimfiɗaɗɗiyar kwalta busasshiya da babu zirga-zirga, a ɗan taka birki sau da dama don gangunan su yi ɗumi. A sa ƙarfin a tsakiya, a kai gudun kilomita 40 a sa'a, sannan a matsa hannun birkin tirela da ke jikin na'urar har ƙarshe ba tare da taka feda ba. Idan tayoyin tirela sun kulle suna jan ƙasa, a rage. Idan kamun bai isa ba, a ƙara. Abin nema shi ne matakin da ke gab da kullewa. Saitin da ya dace da tirela cike da kaya zai yi wa wadda ba komai yawa, haka kuma ruwan sama da hanyar burji suna buƙatar a rage.

Wannan hannu na jikin na'ura yana da wani amfani babba. Idan tirela ta fara lilo hagu da dama a kan gudu, sai direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari miƙe, ya matsa hannun a hankali. Birkin tirelar kaɗai zai ja ta baya ta miƙe.

Akwai kuma makunnin tsinkewa, wanda yake jikin tirela da ɗan batirinsa. Siririyar igiyarsa ana ɗaure ta a jikin motar kanta, daban da sarƙoƙin tsaro. In tirela ta kwance, igiyar za ta zare fil, batirin ya kama birki gaba ɗaya. Dokar Amurka ta ce kamun ya ɗore aƙalla minti 15, don haka a duba cajin batirin kafin kowace tafiya.