Yadda ɗaliban Najeriya suka ɗinke kansu, daga WASU zuwa NANS

Ƙungiyar ɗalibai tana da wata matsala da ƙungiyar ƙwadago ba ta da ita: 'ya'yanta ba sa daɗewa. Shekara uku ko huɗu, wanda ya iya jagoranci ya karɓi takardarsa ya tafi, sabon shiga kuma bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ya riƙe shugabancin ɗalibai a Najeriya tsawon zamani shi ne zumuncin da ke tsakanin ɗalibi da ɗalibi, na gaba yana koya wa na baya, wannan makaranta tana tallafar waccan.

Tushen abin a Landan yake. A watan Agusta 1925 Ladipo Solanke, ɗalibin shari'a daga Abeokuta, da Dakta Herbert Bankole-Bright na Saliyo suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, wato WASU. Masu gidajen haya a Ingila kan ƙi karɓar baƙar fata, don haka Solanke ya zagaya Afirka ta Yamma yana neman gudummawa, har aka buɗe masauki a unguwar Camden a 1933. Nan sabon zuwa yake samun ɗaki da abincin gida, nan kuma yake koyon muhawara da rubuta takardar koke. Kwame Nkrumah ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙungiyar kafin ya koma gida.

A 1956 aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta cikin gida, wato NUNS. Ba a jima ba ta nuna ƙarfinta: a ƙarshen 1960 ɗalibai suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas don ƙin yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, gwamnatin Tafawa Ɓalewa kuma ta soke ta a Janairu 1962.

Babbar jarrabawa ta zo a Afrilu 1978. An ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya. Shugaban NUNS, Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ya tuntuɓi takwarorinsa na sauran makarantu, aka tsaida shawarar ƙaurace wa darasi. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa babu wayar hannu a lokacin. Saƙo a mota yake tafiya, wakili ya kwana a hanya, ya sauka a ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar da bai san kowa ba, a ba shi tabarma don kawai ƙungiyarsu ce ta aiko shi. Da aka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas, Samaru ta ɗauka, sojoji suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke can, aka kashe ɗalibai. Gwamnatin Obasanjo ta haramta NUNS, aka kori Okeowo da malamai da dama.

A ganina nan ne tarihin ya fi ban sha'awa. Dokar soja ta rushe suna da ofis, amma sanayyar da ke tsakanin mutane tana nan. Ƙananan ƙungiyoyin nazari na masu ra'ayin gurguzu, irin su MPN a Zariya da takwarorinta a Ife da Nsukka, sun haɗu ƙarƙashin wata inuwa da ba ta cika bayyana kanta ba, PYMN. A cikinsu ake karanta littafi tare, a yi gardama a kan tattalin arziki, a auna wa ya isa a tsayar takara. Da farar hula suka dawo, aka kafa NANS a 1980 a madadin NUNS, da majalisa wadda shugabannin ƙungiyoyin makarantu ke zama a ciki, da shiyyoyi huɗu. Shekaru goma na farko, yawancin shugabanninta daga waɗancan ƙungiyoyin nazari suka fito: Lanre Arogundade, Emma Ezeazu, Salihu Lukman na Zariya. Shugaba ya san akwai abokan da za su titsiye shi idan ya karkace, kuma wannan tsoron ya fi kowane tsarin mulki na takarda tasiri.

Ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a Samaru, zamanin da Farfesa Ango Abdullahi yake shugaban jami'ar, bayan an hukunta shugabannin ɗalibai a kan jerin gwanon tunawa da mamatan 1978. Hukuma ta ce mutum huɗu suka rasu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Cikin 'yan kwanaki makarantun kudu da arewa suka tashi, aka rufe da yawa, aka sake haramta NANS, ita kuwa ta ci gaba da taro. Ita ta ja zanga-zangar ƙin shirin tsuke bakin aljihu a 1989.

Gwamnatin Babangida ta gane inda ƙarfin yake. Doka mai lamba 47 ta 1989 ta mai da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukuma ikon rushe ta da korar 'ya'yanta. Sai ga ƙungiyoyin asiri sun yi ƙarfi a harabar makarantu. A Yuli 1999 suka kashe George Iwilade, sakataren ƙungiyar ɗaliban Ife, da wasu huɗu. Ƙungiyoyin nazarin suka yi ta ƙanƙancewa, 'yan siyasa masu kuɗi suka cike gurbin. Tun daga nan an sha ganin mutum biyu ko uku kowa yana kiran kansa shugaban NANS, a makarantu da dama kuma hukumar jami'a ce ke naɗa kwamitin riƙo a madadin zaɓe.