FASHIN BAƘI: Haɗewar kamfanonin siminti da makomar ma'aikata

Kano ba ta da babbar masana'antar sarrafa siminti, duk da cewa Aliko Ɗangote da Abdul Samad Rabi'u, mamallaka biyu daga cikin manyan kamfanonin siminti uku na Najeriya, haifaffun birnin ne. Simintin da ake saukewa a kasuwar Ƙofar Ruwa daga nesa yake zuwa, kamar Obajana da Sakkwato da Ashaka. Saboda haka duk sauyin da ya sami waɗannan kamfanoni yakan taɓa abincin mutane a cikin ganuwa.

Yadda aka haɗe

A 2010 Dangote Cement ya haɗe da kamfanin simintin Binuwai da ke Gboko. Kamfanin Sakkwato, wato CCNN, wanda ya fara aiki a 1967, ya haɗe da Kalambaina a 2018, sannan da Obu, aka sami BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannayen jari a Janairun 2020. Ashaka da ke Jihar Gombe kuwa yana ƙarƙashin Lafarge Africa.

Wa ake fara sallama?

Idan kamfanoni biyu suka zama ɗaya, ba a buƙatar hedikwata biyu ko sashen kuɗi biyu. Don haka ragin yakan fara da ma'aikatan ofis. Gabanin haɗewar Lafarge na Faransa da Holcim na Suwizalan a 2015, Lafarge ya sanar da soke gurabe 380, Holcim kuma kimanin 120. A 2018 sabon kamfanin ya bayyana rufe ofisoshinsa na Paris da Zurich, matakin da ya shafi gurabe kusan 200.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa kamfani sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Wanda aka ɗauka daga baya shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa, kuma a tattauna kuɗin sallama. Hukumar FCCPC, mai amincewa da haɗewar kamfanoni, tana da ikon duba tasirinta ga ayyukan yi.

Sai dai Dokar Ƙwadago ba ta sanya jami'an gudanarwa da ƙwararru cikin waɗanda take kira ma'aikata ba, alhali su ragin ya fi shafa. Madogararsu ita ce takardar ɗaukar aiki da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Dillalai da 'yan dako da masu buga bulo na Ƙofar Ruwa kuwa ba sa cikin rajistar kowane kamfani. In aka rufe rumbun ajiya ko aka rage dillalai, ba su da kuɗin sallama, kuma ba sa shiga alƙaluman da ake sanarwa.