Tarihin Ricardo Carvalho a fagen ƙwallon ƙafa

Ricardo Carvalho na daga cikin fitattun 'yan wasan baya da ƙasar Fotugal ta taɓa samarwa.

Ya shafe kimanin shekaru 20 yana taka leda a ƙasashe biyar, inda ya lashe gasar lig-lig a Fotugal da Ingila da kuma Sifaniya.

Da wuya a ba da labarinsa ba tare da an ambaci Jose Mourinho ba, domin kuwa ya yi wasa a ƙarƙashin kocin a manyan ƙungiyoyi uku. Wannan ne ya sa wasu ke tambayar ko ƙwarewarsa ce ta kai shi inda ya kai, ko kuwa albarkacin kocin ya ci.

Farkon tashi

An haifi Carvalho ne ranar 18 ga watan Mayun 1978 a garin Amarante da ke arewacin Fotugal.

Ya shiga ƙungiyar FC Porto tun yana matashi, sai dai bai samu gurbi da wuri ba.

Sau uku ƙungiyar tana bayar da shi aro, da farko ga Leca, sannan Vitoria de Setubal, daga bisani kuma Alverca.

Sai a kakar 2001 zuwa 2002, lokacin da ya kai shekaru 23, ya fara samun damar buga wasa a kai a kai a Porto. A tsakiyar kakar ce, a watan Janairun 2002, aka naɗa Mourinho kocin ƙungiyar.

Cikin shekaru biyu Porto ta lashe gasar ƙasar sau biyu a jere, da kofin ƙalubale na Fotugal a 2003.

A waccan shekarar ta doke Celtic da ci 3-2 a birnin Seville ta ɗauki kofin UEFA. A 2004 kuma ta lallasa Monaco da ci 3-0 a Gelsenkirchen na ƙasar Jamus, ta zama zakarar Turai.

Hukumar UEFA ta zaɓi Carvalho a matsayin gwarzon ɗan wasan baya na ƙungiyoyin nahiyar a 2004.

Shekaru shida a London

Bayan gasar cin kofin ƙasashen Turai ta 2004, wadda Fotugal ta sha kashi a wasanta na ƙarshe a hannun Girka, Carvalho ya bi sahun Mourinho zuwa Chelsea a kan kuɗi kimanin fam miliyan 20.

An yi ta shakkar ko zai iya jure wasan Ingila mai cike da gwada ƙwanji, ganin cewa ba shi da ƙirar ƙarfi kamar sauran 'yan wasan baya na gasar.

Salonsa ya dogara ne ga hangen inda ƙwallo za ta faɗa, da tare ta kafin ta isa ga abokin hamayya. John Terry shi ne mai tashi sama ya sa kai, Carvalho kuma shi ne mai toshe duk wata kafa da aka bari.

A kakarsu ta farko tare, ƙwallaye 15 kacal aka zura wa Chelsea a wasanni 38. Ƙungiyar ta tara maki 95, wasa ɗaya tak ta rasa, ta kuma lashe gasar a karon farko cikin shekaru 50.

Kakar ba ta rasa ce-ce-ku-ce ba. A watan Maris na 2005 Chelsea ta fitar da Barcelona daga gasar zakarun Turai da ci 4-2, amma 'yan Barcelona sun koka cewa Carvalho ya riƙe mai tsaron gidansu Victor Valdes a lokacin da Terry ya ci ƙwallon ƙarshe.

A watan Afrilun 2006 shi ne ya ci ƙwallo ta uku a wasan da Chelsea ta doke Manchester United da ci 3-0, nasarar da ta tabbatar mata da kofin a karo na biyu a jere.

Mourinho ya bar ƙungiyar a watan Satumbar 2007, amma tauraruwar Carvalho ba ta dusashe ba.

A wannan kakar ce Chelsea ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a birnin Mosko, inda Manchester United ta doke ta a bugun fenariti. Abokan wasansa, ciki har da Didier Drogba da Michael Essien da Mikel Obi, su ne suka zaɓe shi gwarzon ƙungiyar na 2008.

Raunuka sun dame shi bayan haka, amma ya sake lashe gasar Premier a 2010 a ƙarƙashin Carlo Ancelotti.

Madrid da Monaco

A watan Agustan 2010 Mourinho ya sake ɗaukarsa, wannan karon zuwa Real Madrid, a kan yuro miliyan 8. Yana da shekaru 32 a lokacin.

Ya haɗu da ɗan ƙasarsu Pepe a tsakiyar baya, kuma a 2011 suka doke Barcelona da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Copa del Rey.

A kakar da ta biyo baya Madrid ta lashe La Liga da maki 100, sai dai rauni ya hana shi buga yawancin wasannin. Sergio Ramos ya karɓe gurbinsa, matashi Raphael Varane kuma ya fara tasowa.

Da kwantiraginsa ya ƙare a 2013, sai ya koma Monaco, wadda ta dawo rukunin farko na gasar Faransa a shekarar.

Da yawa sun ɗauka hutu ya je yi, amma ya shafe kakar wasa uku ana damawa da shi. Monaco ta zo ta biyu a 2014, ta kuma zo ta uku a shekaru biyun da suka biyo baya.

A 2015 ƙungiyar ta fitar da Arsenal daga gasar zakarun Turai, kafin Juventus ta cire ta a wasan dab da na kusa da na ƙarshe, da ƙwallo ɗaya tak ta fenariti wadda shi Carvalho ne ya jawo.

Ƙwazonsa a Monaco ne ya ba shi gurbi a tawagar Fotugal da ta lashe kofin ƙasashen Turai a 2016, yana da shekaru 38.

Ya kammala wasa ne a ƙungiyar Shanghai SIPG ta ƙasar Sin a 2017, a ƙarƙashin Andre Villas-Boas.

Daga baya ya zama mataimakin Villas-Boas a Marseille daga 2019 zuwa 2021, a 2023 kuma ya shiga cikin masu horar da tawagar Fotugal.

Yawancin manyan kofunan da ya ɗauka a matakin ƙungiya a ƙarƙashin Mourinho ya same su. Amma kyautar da abokan wasansa suka ba shi a 2008, da kofin Premier na 2010, da shekarunsa uku a Monaco, duk sun zo ne a lokacin da kocin ba ya tare da shi.