Tashin Fijo Bayan Shekara Ashirin a Kwance

A shekarar 1975 wata mota ƙirar Peugeot 504 ta lashe gasar Safari, tseren nan da ake yi cikin ƙura da taɓo da duwatsun Kenya, wanda a wancan lokacin yawancin motocin da ke shigarsa ba sa ganin ƙarshensa. Ove Andersson, mutumin Suwidin, shi ya tuƙa ta. A shekarar dai 504 ta ci gasar Maroko da ta Bandama a Kwaddibuwa. Bayan shekara uku, ƙanwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ta sake cin Safari a hannun Jean-Pierre Nicolas. Wanda ya ga tsohuwar Fijo a bayan wani gida a Kafur, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya akurki, da wuya ya yarda cewa dangin motar tsere ce. Alhali kuwa ita ce.

Hanyar da ta biyo zuwa ƙasar Kafur ta faro ne daga Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a shekarun farko da jirgin sama ake kawo sassan daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a biyo da su ta hanya. Motar ta zo daidai da kuɗi. Ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya kawo taki da irin masara, ga kuma auduga da tun zamanin Turawa ake gurzarta a Funtuwa da Malumfashi. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta rungumi tsuke bakin aljihu, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Daga nan sakataren ƙaramar hukuma da dillalin auduga da babban manomi suka sami abin da za su yi koyi da shi. Mai ɗaukar buhu ya sayi a-kori-kura, direban tasha ya sayi wagon.

Faɗuwarta ta zo sannu a hankali. Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Amma tun daga 1986, da darajar naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta, sai 'yan Kwatano masu araha da ƙarancin shan mai suka cika tasha. Da yawa daga Fijon da ke kwance a yau ba lalacewa ce ta kwantar da su ba. Maigida ya rasu, mota ta shiga gado, ita kuwa mota ba gona ba ce da za a ja igiya a raba. Wannan ya ce a sayar, wancan ya ce kunya ce a sayar da motar Baba, aka lulluɓe ta da tamfol kafin a daidaita. Damina ashirin ta wuce ba a daidaita ba.

Zaman banza ya fi doguwar tafiya cin mota. Fetur da ya kwana shekaru a tanki yakan bushe ya bar danƙo mai toshe kabureta. Man birki yana jan danshi daga iska, ya sa tsatsa ta kama birkin daga ciki. Duk abin da yake na roba, tiyo da fanbel da taya, yakan ƙandare ya tsattsage. Ɓera na cin waya, zanzaro na gini a salansa. Jikin motar ne ke da sa'a a nan: babu gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, wanda ya cinye 'yan uwanta a can. Sai dai ruwan Kafur ya fi na arewacin Katsina yawa, kuma motar da aka bari a kan ƙasa, ta ƙasan take fara ruɓewa.

Babbar ɓarna takan faru ne a ranar da aka tashi gyara. Ɗan gaggawa ya aro batir, ya zuba fetur a bakin kabureta, ya murɗa makulli. Injin da ya shekara ashirin ba mai a bangonsa, ringi ya manne, sai ya karce silinda ko ya karye cikin daƙiƙa kaɗan. Tsohon bakanike ba ya taɓa makulli a makon farko. Yakan cire fulogi, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya bar shi ya jiƙa kwanaki, sannan ya sa sifana ya juya injin da hannu yana sauraro. In ya juya, a sauke tanki a wanke, a canza baƙin mai da tiyo, a buɗe lagireto. Birki kuwa ana gama shi kafin motar ta taka ko da taku ɗaya, domin motar da ta tashi ba ta tsayawa ta fi wadda ta ƙi tashi haɗari.

A nan ne ƙirar 1968 ke nuna amfaninta. Injin 504 mai silinda huɗu an yi shi da hannun riga da ake zarewa, wato bututun da fistin ke gudu a ciki. In tsatsa ta ci shi, sai a zare a sa wani, gangar injin tana nan. Babu kwamfuta a jikinta, babu abin da sai an jona na'ura kafin a gane cutarsa. Kayan gyaranta, sabo da na hannu, har yanzu ana tono su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ko da yake mai saye sai ya iya bambance na asali da jabu.

Abin da ke ƙarewa shi ne masu kunnen. Bakaniken da ya koyi saita kabureta da jin ƙarar inji a Funtuwa cikin shekarun 1980 yanzu ya manyanta, yaran garejinsa kuwa Golf da Toyota suka tashi suka tarar, kuma ba laifinsu ba ne, inda abinci yake nan hannu ke zuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba mai hankalin da zai ta da 504 don ya yi haya da ita tsakanin Kafur da Malumfashi. Wanda zai kashe mata kuɗi yau, don mai ita na farko zai kashe. Kafin ya sayi batir, gara ya fara tambaya ko bakaniken mahaifinsa yana da rai, kuma ko idonsa na gani.