Rangers ta Enugu: Ƙungiyar da Aka Haifa a Tokar Yaƙi

A watan Janairun 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasar Nijeriya. Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci nasara, babu kuma wanda aka ci da yaƙi, amma a ƙasar Ibo kowa ya san inda asarar ta sauka. Garuruwa sun rushe, yunwa ta kashe yara ba adadi, wanda kuma ya yi ajiya a banki ya taɓa ta da kuɗin Biyafara, fam 20 kacal aka ba shi komai yawan dukiyarsa. Tutar Biyafara ta zama haramtacciya, sojojinta sun ajiye makamai. A cikin wannan hali ne, a shekarar nan ta 1970, Jerry Enyeazu da abokan tafiyarsa suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Rangers a Enugu, tsohuwar hedikwatar ƙasar da ta ruguje.

Mutanen da aka hana su tuta da rundunar soja sun sami abin da doka ba ta hana ba: riga, fili da 'yan wasa goma sha ɗaya. Duk garin da Rangers ta je wasa, 'yan kasuwar Ibo da suka koma Legas, Kano ko Jos sukan rufe shaguna su cika filin. Ƙungiyar kuwa ba ta ba su kunya ba. Ta ci Kofin Ƙalubale sau uku a jere, daga 1974 zuwa 1976, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1975, inda Hafia ta ƙasar Gini ta doke ta.

Gwaji mafi zafi ya zo a 1977. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, Rangers ta haɗu da IICC Shooting Stars ta Ibadan, wadda ke riƙe da kofin tun 1976. Magoya baya suka ɗauki karawar tamkar arangama tsakanin Ibo da Yarbawa. Bayan an tashi babu ci a Legas, gwamnatin soja ta mayar da wasa na biyu filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, domin gudun tashin hankali. Abin lura a nan shi ne, shekara goma sha ɗaya kacal bayan kashe-kashen 1966 da suka kori Ibo daga Arewa, Arewar ce aka ga ta dace ta zama ƙasar da babu ruwanta. Rangers ta yi nasara da bugun fenariti, sannan ta doke Canon ta Yawunde a wasan ƙarshe ta ɗauko kofin, kuma da sunan Nijeriya aka rubuta shi.

Daga nan labarin ya ɗauki wata hanya. Ƙwararrun 'yan Rangers suka zama ginshiƙan ƙungiyar ƙasa, Green Eagles. Ranar 22 ga Maris, 1980, Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, ta ci Kofin Afirka karo na farko. Wanda ya karɓi kofin daga hannun Shugaba Shehu Shagari shi ne Christian Chukwu, kyaftin ɗin Rangers. A gefensa akwai Segun Odegbami da Muda Lawal, 'yan Shooting Stars ɗin da suka fafata da shi a Kaduna.

Akwai masu ganin duk wata ƙungiya da ke ɗauke da kishin yanki a matsayin barazana ga haɗin kan ƙasa. A Sifen har yau ana wannan muhawara a kan Barcelona da yankin Kataloniya. Tarihin Rangers ya nuna cewa lissafin bai tsaya nan ba. Hukumomin lokacin sun bar ƙungiyar ta yi wasa, ta ci, ta yi alfahari da asalinta, kuma ta wannan ƙofar ce matasan yankin suka shigo suka sa rigar ƙasa.

Ƙwallo ba ta biya diyyar kowa ba, ba ta mayar da gidajen da aka ƙwace a Fatakwal ba, kiraye-kirayen ɓallewa ma sun dawo da ƙarfi a shekarun baya-bayan nan. Abin da ta iya shi ne bai wa mutanen da suka sha kaye wurin da za su ɗaga kai a gaban sauran 'yan ƙasa, a lokacin da siyasa ba ta tanadar musu irin wannan wuri ba.