Layin Taswira da Makomar Ɗalibi: Gundumar Edgewood a Jihar Texas

Duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito a Amurka, akan jera gundumomin makarantu daga ta gaba zuwa ta baya, a yaba wa malaman wannan, a ɗora wa iyayen waccan laifi. Hujjar wannan maƙala ita ce, jerin ba koyarwa kaɗai yake aunawa ba. Yana auna darajar gidaje da filayen da suka faɗo cikin iyakar gunduma.

Mai karatun da ya saba ganin kuɗin makarantar gwamnati na saukowa daga sama yana buƙatar ɗan bayani. Amurka na da gundumomin makarantu kimanin 13,000, kusan kowace da zaɓaɓɓen kwamitinta, kuma babban ɓangare na kuɗinsu daga harajin kadarorin yankin yake fitowa. Jiha na cikawa, gwamnatin tarayya kuwa kasonta bai wuce kimanin ɗaya bisa goma ba.

A birnin San Antonio akwai gundumomi biyu da tazararsu ba ta wuce 'yar tafiyar mota ba. A zangon karatu na 1967 zuwa 1968, Edgewood na da ɗalibai kimanin 22,000, kusan kashi 90 cikin ɗari 'yan asalin Meziko, sama da kashi 6 baƙar fata. Alamo Heights ƙarama ce, makarantu shida da ɗalibai kimanin 5,000, akasarinsu farar fata. In an raba darajar kadarorin Edgewood ga ɗalibanta, kowane zai tashi da dala 5,960. A Alamo Heights abin ya haura dala 49,000. Mutanen Edgewood sun ɗora wa kansu harajin dala 1.05 kan kowace dala 100 ta kadara, suka tara wa kowane yaro dala 26. Maƙwabtansu da harajin dala 0.85 kacal suka tara dala 333. Wato talakan ya fi matse aljihunsa, amma abin da ya samu bai kai kashi ɗaya bisa goma na mai hali ba. Tallafin jiha ma bai rage tazarar ba, don dala 222 ya ba ɗan Edgewood, ya ba ɗan Alamo Heights dala 225. Bayan an haɗa da kuɗin tarayya, jimillar ta tsaya a dala 356 da dala 594.

A watan Mayu na 1968 ɗaruruwan ɗaliban sakandaren Edgewood suka fice daga aji suna kukan rashin kayan aiki da ƙwararrun malamai. A shekarar ce Demetrio Rodriguez da wasu iyaye suka shigar da ƙara kan wannan tsarin kuɗin makarantu. Ranar 21 ga Maris 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da su da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Mai Shari'a Lewis Powell ya ce tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, kuma tsarin Texas na da dalili karɓaɓɓe, wato barin kowace al'umma ta riƙe ragamar makarantunta.

Nan ne, a ganina, hukuncin ya fi rauni. Ikon da ba ka da hanyar aiki da shi suna ne kawai. Mai Shari'a Byron White, cikin waɗanda suka saɓa, ya yi lissafin cewa kafin Edgewood ta kamo gunduma mafi samu a yankin sai ta ɗora harajin dala 5.76 kan kowace dala 100, alhali dokar jihar ta ƙayyade dala 1.50. Ko da iyayen sun yarda su kwana da yunwa, doka ta riga ta rufe musu ƙofa.

Akwai ja mai nauyi da bai kamata a raina ba. Rahoton James Coleman na 1966 ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri kan sakamakonsa, kuma an daɗe ana kafa hujja da shi cewa ƙarin kuɗi asara ne. Sai dai kwatanta gundumomi a lokaci guda yana ruɗarwa, domin sau da yawa inda yara suka fi wahala nan ake tura tallafi, sai kuɗin ya yi kama da marar amfani. Binciken Jackson da Johnson da Persico na 2016 ya kauce wa wannan tarko ta hanyar bin yaran da hukuncin kotu ya ƙara wa gundumominsu kuɗi har suka girma. Sun gano cewa ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kuɗin da ake kashe wa ɗalibi tsawon shekara 12 na karatu ya ɗaga abin da mutum ke samu da kimanin kashi 7 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi ƙarfi ga 'ya'yan talakawa.

Edgewood ta koma kotunan jiha. A 1989 Kotun Ƙolin Texas baki ɗaya ta ce tsarin ya saɓa wa kundin mulkin jihar, a 1993 kuma aka kafa dokar da ke karɓar rarar gundumomi masu arziki a raba wa sauran. Ba a nan matsalolinta suka ƙare ba: a 2016 hukumar ilimin jihar ta naɗa wa Edgewood kwamitin riƙo bayan rikici ya hana zaɓaɓɓen kwamitinta aiki. Kuɗi ba sa gyara shugabanci, wannan gaskiya ne. Amma duk jadawalin da ya jera sakamakon gundumomi ba tare da darajar kadarorinsu da halin gidajen ɗalibansu a gefe ba, bai cancanci a yanke wa wani malami hukunci da shi ba.